Yadda Za Ka Rage wa Tsohuwar Kwamfuta Ƙiba Ta Koma Akwatin Gem

An gwada wannan hanya sau ɗaya, a gida ɗaya, kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya bi matakan nan a jere zai mallaki akwatin gem na tsaye, mai sanda da maɓallai, wanda da an kunna soket yake shiga wasa cikin daƙiƙa tara. Wannan na tabbatar maka. Jin daɗin sakamakon ne ban yi alkawari ba.

1. Fara da akwati, ilimi ya biyo baya.
Je wurin kafinta da zanen akwati mai tsayinka. Zai juya takardar sau biyu ya ce, "Maigida, wannan na kaji ne ko na mutum?" Ka ce na bincike ne. Girke shi a falo tsakanin kujera da taga, ka tura tsohuwar kwamfutar gidan a ciki, ka manta da shi wata huɗu.

2. Jira wa'adi.
Ƙwararre ba ya aiki sai an yi masa barazana. Taka za ta zo ranar Litinin daga bakin matarka: "Baban yara, ran Asabar Yaya zai zo da motarsa. In abin nan bai yi abin da ka ce yana yi ba, ko ya bi shi ko in zuba takalma a ciki. Na ma auna, hawa huɗu zai ci."

Yanzu kana da dalili.

3. Yanke duk abin da ba ka gane ba.
Sauke babbar manhajar da ke tada kwamfuta, irin ta kyauta, ka ɗora a filashin aro. Tana zuwa da kaya kamar mai ƙaura. Cire na firinta, cire kalkuleta, cire hotunan bango da harsuna tamanin da ba ka ji. Ƙa'idar mai sauƙi ce: fayil ɗin da sunansa bai yi maka ba, ba shi da aiki. Kwamfutar za ta ƙi tashi sau uku. Mayar da abin da ka cire na ƙarshe, kada ka gaya wa kowa.

4. Riƙe agogo.
Da tana ɗaukar minti ɗaya da rabi kafin ta farka. Kai ta daƙiƙa goma sha biyu, sannan ka kashe kwana biyu ka rage biyu. Sanar da iyali lokacin cin abinci. Matarka za ta ce, "To, daƙiƙa biyun me za ka yi da su?" Kada ka amsa. Masana ba sa amsa tambayar da ba su da amsarta.

5. Nemi mai gwaji.
Ranar Juma'a da yamma ka ɗora wasa ɗaya, na jirgin da ke harbin duwatsu, wanda ƙoƙarinka a cikinsa bai taɓa wuce maki dubu goma sha biyu ba. Kana buƙatar wanda bai iya ba ya gwada maɓallan. Kira matarka.

"Ni? Da hannun wanke-wanke?"

Miƙa mata sandar, ka tafi neman sukudireba. Za ka daɗe, domin ba ka taɓa ajiye ta inda ka ɗauko ta ba. In ka dawo ka tarar ta koma kicin tana cewa, "Yana aiki, sandar ce ta ɗan yi tauri," ka gode mata. Kada ka duba jerin maki. Kana sauri.

6. Kulle.
Nan ne ake gane gwani. Saita faifan kwamfutar yadda za a iya karanta shi amma ba za a iya rubuta komai a kansa ba, don ko an zare waya ana tsakiyar wasa kada ya lalace. Ma'ana, abin da ke ciki a wannan mintin ya zauna ke nan, abin da ya zo daga baya kuwa da an kashe ya tafi. Cire fayilolin kibod da na intanet, ka ci ribar daƙiƙa ɗaya. Goge filashin ka mayar wa mai shi. Sannan kira kafinta.

"Maigida, in yi wa bayan ƙofa ko in rufe gaba ɗaya?"

Ƙofa ta masu shakkar aikinsu ce. Ka ce ya sa gam, ya bi da ƙusa.

7. Karɓi baƙo.
Ranar Asabar ka tsayar da yayan matarka a gaban akwatin, ka kunna soket, ka ƙirga da ƙarfi. A tara daidai allo zai kawo jerin maki. A sama akwai haruffa uku na farkon sunan matarka, da maki dubu tamanin da takwas da ɗari huɗu.

"Kai, wannan ba ƙanwata ba ce?" in ji Yaya. "Ai tun tana firamare take korar samari daga irin wannan a shagon Baba. Ba ta gaya maka ba?"

Ita kuma daga bakin ƙofa za ta ce, "Yaya, bar shi kawai. Ya yi wa falon kyau."

Ka ci nasara. Akwati ya zauna. Takalman za su koma ɓangarenka na durowa.

8. Rama.
Yi atisaye mako uku. Wata Lahadi da rana za ka kai dubu casa'in, ka shiga ƙwala mata kira. Za ta fito da dutsen guga, ta zare wayar akwatin daga soket ta sa ta dutsen gugar, sannan ta tambaye ka me ya faru. In ta gama gugar ka sake kunnawa. Daƙiƙa tara, haruffa uku.

"Ka ce ka wuce ni? Nuna min."

Sanarwa: Marubucin ba shi da alhakin ƙusa, gam, dariyar suruki, ko ɗabi'ar kunna wa kowane baƙo akwatin tun kafin a ba shi ruwa. Mai ƙorafi ya kai wa wadda sunanta ke saman allo. Marubucin ya kai nasa, an ce ya zo da shaida.