Kwat ɗin Ulu a Garin Rana

Jama'a, jiya na suma. Gara ku ji daga bakina kafin masu ƙara wa labari gishiri su riga ni. Ni likita, da na yi shekara da shekaru ina ɗaga wa mutane yatsa ina cewa su sha ruwa, su nemi inuwa, su sa kaya marasa nauyi, ni ne na zube a filin asibiti kamar buhun da aka jingine a karkace. A gaban nas-nas, da masu shara, da marasa lafiyar da na gama yi wa wa'azi da safe. Kuma cikin kwat ɗin ulu.

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san ni ba. Daga garin sanyi na zo, inda ruwan famfo ke cizon haƙori, inda mutum ke yin shawara da zuciyarsa kafin ya yi wanka. Kuma ba kora ta aka yi ba, ni na nemi canjin wurin aiki da ƙafata. Na ce gwiwoyina sun gaji, yara sun gaji da mura. Na bugi ƙirji na ce wa Maman yara, "Haɗa kaya, zan kai ki inda ba za ki sake dafa ruwan wanka ba." Wannan alkawarin dai na cika shi. A nan ruwan a dafe yake fitowa, sai dai a tara a bokiti a jira ya huce.

Komai na garin nan a juye yake. A can marasa lafiya ba sa fitowa sai rana ta ɗaga. A nan kafin in ɗaura agogo layi ya kai bakin ƙofa, da tsakar rana kuwa ko akuya ba ka gani a titi. A can idan maƙwabci yana son ka bargo zai ara maka, a nan ƙanƙara zai aiko maka a leda. Sitiyarin mota sai da tsumma ake kama shi. Ran nan na manta abin sauraron ƙirji a kan kujerar mota, na ɗauko na ɗora wa wani dattijo. Sai da ya zabura ya yi salati, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko sabon salon magani ne aka fito da shi.

Abu ɗaya ne bai ba ni dariya ba, shi ne allurar masu ciwon suga. A can ko wuta ta ɗauke ba mai ɗaga kai, ɗakin maganin kansa firji ne. A nan zafi kashe ta yake yi. Kwalba na nan, ruwan na nan, amma ƙarfin ya tafi, kuma ba za ka gane ba sai jikin mai ita ya gaya maka.

Nan Tela ya shigo labarin. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, shagon ɗinkinsa na bakin layi. Dattijo ne mai barkwanci, kullum da allura da zare soke a aljihun rigarsa. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, safe da yamma sai an yi masa allura, in ya rasa ta kuwa ba a ɗaukar dogon lokaci ake kwasarsa ranga-ranga. Allurar da ƙyar ake samunta a garin nan. Ɗansa da ke nesa ne ya yi ta fafutuka ya aiko masa da ta watanni a haɗe, shi kuma Tela ba shi da firji. Ya shigo gidana da ƙullin leda a hannu ya ce, "Likita, ga raina nan, ka ajiye min."

Na karɓa da hannu biyu, na zuba kwalaben a cikin wata tsohuwar safata ta ulu da na zo da ita daga can, na sa a firjinmu na gida. Daga ranar zaman lafiya ya bar gidan.

Kun san masu wutarmu, Allah ya ƙara musu tausayi. Ba sa son mu saba da jin daɗi ya lalata mana tarbiyya, shi ya sa suke leƙo mu da ita kamar gaisuwar surukai, kafin ka ce sannu da zuwa sun miƙe. Sai janareta. Janareta kuma sai mai, mai kuma sai layi. Na yi layin mai har mai gidan man ya fara nuna min ƙurajen ɗansa ta tagar mota. Ranar da ba mai, sai na kafa doka: ba mai buɗe firji, kada sanyin ya gudu. Auta ta taɓa tsayawa gaban firjin da kofi a hannu tana kallonsa tana hawaye.

"Likita," in ji Maman yara. Ba ta kira na Likita sai in akwai magana. "Ka ɗauko mu daga inda ruwan sanyi ke zuba kyauta, ka kawo mu nan, ka saya mana firji, ka hana mu buɗewa. Mu tsaya muna gadinsa ne?"

"Haƙuri kaɗan. Na asibiti ya kusa fara aiki."

"Tun yaushe nake jin ya kusa?"

Gaskiyarta. Akwai firji a asibitinmu, sabo dal, babba, da hasken rana yake aiki. Ku duba ikon Allah, a garin da rana ta yi wa mutane yawa! An kawo shi, an haɗa shi, an gwada, yana yi. Sai aka kashe aka rufe da leda. Dalili? Mai Girma Uban Almakashi bai zo ya yanka ƙyalle ba. Na je wajen Shugaban Kwamitin Tarba, wani mutum mai fara'a wanda bai taɓa cewa a'a ba kuma bai taɓa yin komai ba, na roƙe shi a kunna mana ko a ɓoye ne.

Ya kama baki. "Haba Likita! Mai Girma ya zo ya tarar da firji da sanyinsa? To me zai ƙaddamar?"

Ilimin da na yi bai kai nan ba.

Ana haka sai ga sanarwa: Mai Girma zai zo. Tela ne ma ya fara gaya min, don shi aka bai wa ɗinkin ƙyallen da za a yanka. Ya ce, "Amma Likita, firji nawa aka kawo muku? Ƙyallayen da aka sa ni na ɗinka sun isa a zagaye unguwa." Na ce masa manya ba sa harkar ƙaranta. Ya ce to.

Jiya da safe na tashi da kuzari. Na jawo kular ruwan sanyi na cika ta da ƙanƙara, na ɗauko safar da kwalaben Tela a ciki na ɗora a kai. Niyyata da an yanka ƙyalle, ni ne farkon wanda zai sa magani a firjin, in dawo gida in ce wa yara ku buɗe namu ku sha har ku ƙoshi. Sannan na buɗe akwati na ɗauko kwat. A inda na fito, likita ba ya tarbar babban baƙo sai da kwat ɗin ulu, da 'yar ciki, da abin wuya a ɗaure tam. Haka na ga manyana na yi, haka na tashi ina yi. Maman yara ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dube ni daga sama har ƙasa, ta koma kicin ba ta ce uffan ba. Na ɗauka kwarjini ne ya hana ta magana.

An kafa rumfa, amma ta baƙi ce. Mu ma'aikata aka jera mu a rana, wai don Mai Girma ya gan mu da kyau. Aka ce yana hanya. Can aka ce ya taso. Can kuma aka ce yana shirin tasowa. Ni dai ina tsaye ƙiƙam rungume da kula, gumi na bin bayana yana taruwa a takalmi. Babbar nas ta raɗa min, "Likita, ka cire rigar nan mana." Na yi mata murmushin wanda ya san jikin ɗan Adam ciki da waje. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne mai lasifika yana gwada murya, sai na ga rumfar ta fara tafiya gefe.

Sauran labarin a bakin mutane na ji. Wai da na faɗi aka yi caa a kaina. Masu fifita na yi, masu salati na yi, wata baiwar Allah da nake duba wa hawan jini tana ta faɗin, "Ku ba shi ruwa, shi ya ce a riƙa shan ruwa!" Wani mai hanzari ya ga kula, ya buɗe, ya ga ƙanƙara, ya yi hamdala. Aka juye min ita a ka da wuya da hammata. Safar kuwa aka yar da ita gefe a kan siminti mai zafi, don wa zai kula da tsohuwar safa ana ceton likita?

Tela, da ya zo kallon yankan ƙyallensa, shi ne ya gan ta. Ya ɗauka, ya duba hagu ya duba dama, ya nufi inda firjin yake. Ya sa hannu ya tsinke ƙyallen, ya buɗe. Jama'a, sanyi ne ya buso masa fuska! Ashe tun shekaranjiya aka kunna. A cike yake maƙil da lemon kwalba na 'yan rakiyar Mai Girma. Tela ya ture lemo, ya cusa safar a aljihun ƙasa, ya rufe. Shugaban Kwamiti ya iso yana ɗora hannu a ka, ga jiniya an fara ji daga nesa. Tela ya ce masa, "Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe, ni na ɗinka shi." Ya zaro allura da zare daga aljihu ya haɗe ƙyallen tsaf. Mai Girma ya iso, ya yanka, aka yi tafi, aka sha lemo. An ce ya yi jawabi mai ratsa zuciya a kan sadaukarwar ma'aikatan lafiya, kuma ya yi nuni da ƙafafuna da ake shiga da su ɗaki.

Na farfaɗo a gadon marasa lafiya, ana ƙara min ruwa, ba kwat ba abin wuya. Tela na zaune a gefe yana ba ni labari yana dariya har da riƙe ciki. Na ji kunya, amma na ji daɗi. Na ce a raina ko ba komai magani ya shiga firji. Sai na ga dariyar Tela ta tsaya. Yana kallon taga.

"Likita, wancan ba firjinmu ba ne?"

Shi ne. A bayan babbar mota, an ɗaure shi da igiya, an yafa masa sabon ƙyalle, yana bin ayarin Mai Girma. Na fizge robar ruwan daga hannuna na fita da gudu ba takalmi. Kafin in kai ƙofa sun sha kwana. Na ci karo da Shugaban Kwamiti yana kwashe kujeru, ya yi min bayani a tsanake: firjin ɗaya ne, asibitocin kuwa da yawa, kuma adalci ya ce kowa ya samu nasa rabon ƙaddamarwar. Da an gama zagaye zai dawo. Na ce yaushe? Ya ce ya kusa.

Tela ya ce a hankali, "Shi ya sa ƙyallayen suka yi yawa."

Ban taɓa jin hanyar gida ta yi min tsawo irin jiya ba. Tela na gefena a mota. Lokacin allurarsa ta yamma na matsowa, kuma na san kantunan maganin garin nan ɗaya bayan ɗaya, na san ba ta. Tsoro ya kama ni sosai. Mutum ya ba ni ransa a leda, na ɗauka na kai wa masu jiniya. Da muka tsaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka damu, Likita, ai ni na sa a ciki." Wannan ta fi zagi ciwo.

Muka shiga gida. Na fara kame-kame ina neman ta inda zan soma. Maman yara ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta tashi ta buɗe firjin da na hana buɗewa, ta kawar da gorar ruwa, ta zaro kwalba ɗaya naɗe a tsumma ta miƙa wa Tela.

Na ce, "Wannan fa daga ina?"

Ta ce, "Da safe na cire. Da na ga ka fito cikin rigar nan, na ce wannan ba mutumin da za a damƙa wa duka ba ne."

Tela ya riƙe kwalbar da hannu biyu. Ni na yi masa allurar. Da na gama ya goge ido ya ce in ba shi kwat ɗin, zai yanka ya ɗinka wa kular riga, don ulu na riƙe sanyi kamar yadda yake riƙe zafi. Na miƙa masa ban ko waiwaya ba.

Kwalba ɗaya za ta kai mu 'yan makonni. Dokar firji na nan daram, gobe kuma da sassafe ina layin mai. Sauran maganin Tela yana can yana rangadi da manya, yana shan tafi gari-gari. Ban fid da rai ba, don na tabbata duk inda aka sauke firjin sai an kunna shi saboda lemo.

Saboda haka mai karatu, idan aka zo ƙaddamar da sabon firji a asibitin garinku, ka yi tafi yadda ya kamata, ka karɓi lemonka. Amma kafin a ɗora shi a mota, don Allah ka jawo aljihun ƙasa. Za ka ga safa ta ulu, ruwan toka, da ɗan huji a dunduniya. Tawa ce.