Rasuwar Gwaggo, Mai Kawo Gaisuwa Saman Bene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga ɗakin da shirunsa ya fi ƙarfina tun ranar Litinin, ni Zuwaira ta ofishin saman bene nake sanar da ma'aikatan wannan kamfani namu na casar shinkafa da ke hanyar Gusau zuwa Bungudu, masu tukunya da masu busarwa da duk wanda ya taɓa danna allon da ke ƙasa, rasuwar tsohuwar kwamfutarmu wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika a kan teburinta bayan gajeriyar jinya, tana tsakiyar aiki.

Da yawanku ba ku taɓa ganinta ba, don haka ya dace in faɗi ko wace ce. Allon da kuke dannawa a gefen tukunyar turara shinkafa abin da ke faruwa yanzu kawai ya sani: zafin tukunya, ƙarfin tururi, danshin da ya rage a jikin ƙwaya. Kafin a ƙifta ido ya manta. A sama kuma akwai wata kwamfutar da muke kira Rumbu. Shi Rumbu ba ya manta komai, amma ba ya jin yaren allon. Gwaggo ce ke tsakaninsu. Ita ke karɓar kowane awo daga ƙasa, ta kira shi da sunansa, ta liƙa masa lokacinsa, ta juya shi zuwa harshen da Rumbu ke ji, sannan ta miƙa. Idan dillali ya dawo yana cewa shinkafar da aka ba shi kafin salla ta kakkarye, abin da Gwaggo ta kai ake buɗewa a ga yadda zafi ya kasance a ranar. Kowane gida yana da gwaggon da ke kai magana daga wannan sashe zuwa wancan. Tamu dai ba ta taɓa ƙara gishiri ba.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. Shekarar da Rumbu ya kwanta aka tafi da shi Kaduna gyara, ba ta zubar da ko awo ɗaya ba. Ta riƙe su a cikinta, da ya dawo ta juye masa su a jere, na farko a farko. Ba ta da yawan magana. Da safe idan na kunna ta takan ce ɗiit, sau ɗaya. Daga nan sai fankarta ta kama wuuu ƙasa-ƙasa har a tashi, in aiki ya yi yawa kuma a ji ƙiris-ƙiris daga cikinta, kamar tsohuwa na tauna goro.

Aibinta ɗaya ne, shi ma ba ita ta jawo ba. Waɗanda suka haɗa ta sun yi ta ne ta kai saƙo sama kawai, ba ta komawa da komai ƙasa, don kada wani da ke zaune a ofis ya taɓa tukunyar da mutum ke tsaye a gabanta.

Kun san ƙa'idar aiki: idan ƙararrawa ta buga, mai tukunya zai danna allo ya rubuta dalili a wani ɗan gurbi. Da na zo bautar ƙasa, kafin a riƙe ni, abin da ake rubutawa bai wuce "an gyara" ba. Sai Malam Umaru, dattijon nan ɗan Bungudu mai kula da tukunya ta biyu, ya ji cewa akwai mai karanta abin a sama. Iya mai shara ce ta ba ni labari: ya ce shi bai iya aika wa mutum saƙo babu sallama ba, ko da ta cikin ƙarfe ne. Washegari ga abin da Gwaggo ta kawo mini:

"Salamu alaikum Malama. An kwan lahiya? Ina gajiya? Tururi ya yi ƙasa, mun ƙara ɓuntu."

Sauran suka ɗauka. Gurbin ƙarami ne, saboda haka sau da yawa gaisuwa kan cinye shi tun ba a kai ga dalili ba. Nakan tarar da: "Ya mutanen Tsahe, ya Inna da jiki, ya aka ji da ruwan jiya, tukunya ta biyu ta" shi ke nan. Sai in bi layin zafi a cikin Rumbu in gano wa kaina abin da tukunya ta biyu ta yi. Manaja ya taɓa cewa in sauka in hana su. Na ce to.

Sau ɗaya na taɓa gaishe ku a ƙasa, makona na farko. Ƙarar inji ta haɗiye maganar, wani ya ce me ta ce, aka juyo gaba ɗaya ana kallona. Tun daga ranar nake bi ta matakalar baya. Na san abin da ake faɗa. Iya ta ce ana cewa girman kan 'yan boko ne da ni. Bashiru ɗan Kekun Waje, abokin aikin Malam Umaru, ya taɓa rubutawa: "Malama in kurma ce ke ki buga ƙasa sau biyu mu ji." Na ɗaga ƙafa, sai na tuna daɓen siminti ne. Na yi tunanin aika Iya, amma saƙon da ya bi ta bakin Iya yakan iso da ƙari.

Ga abin da marigayiya kaɗai ta shaida. Babu sallamar da ta kawo da ban amsa ba. Nakan amsa da baki, a bayyane, ina fuskantar ta: wa alaikumus salam, lafiya lau, babu gajiya, Inna ta samu sauƙi. Ita kuma ta ce wuuu. Shekaru muna haka mu biyu. Yanzu mai shaidar ta tafi, maganata ce kaɗai ta rage.

Ciwon ajalinta ya same ta ne lokacin da na je garinmu Tsafe sunan jaririyar da yayata Ma'u ta haifa. Iya ta shigo shara ta ga ƙurar ɓuntu ta kwanta a kanta. A gidan Iya ba a barin abu mai daraja tsirara, rediyo ma da rigarsa. Sai ta kawo wani ƙyalle mai aikin saƙa daga gida ta lulluɓe ta, ta cusa gefe da gefe da kyau, har da bayan da take numfashi ta nan. Gwaggo ta ci gaba da kai saƙo a cikin zafin, ba ta yi ƙorafi ba. Da na dawo na yaye ƙyallen, jikinta kamar an sauke tukunya. Babu wuuu. Sai ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san babu kowa a ciki. Injiniya Victor ya zo daga Kaduna ya buɗe ta, ya duba, ya mayar da murfin bai ɗaura kusoshin ba.

Ina roƙon kada kowa ya ce wa Iya komai. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa bakin zanenta, ta ce, "Ni dai na ga ƙura na cin ta." Duk tsawon zaman marigayiya a gidan nan, Iya ce kaɗai ta taɓa kawo mata kyauta.

Ta rasu ta bar Rumbu, wanda ke riƙe da duk abin da ta taɓa kai masa, da allon ƙasa, da akwatin batir mai kuka idan an ɗauke wuta, da wani linzamin kwamfuta da ba a san inda za a kai shi ba. Ta bar ni. Ta kuma bar magajiya, wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanki girma ba, wadda Injiniya Victor ya ɗaure a bango. Yarinyar kirki ce, ta fi Gwaggo sauri, ba ta da fanka, ba ta cewa komai. Lamba kawai take ɗauka. An cire gurbin rubutu, yanzu zaɓar dalili ake yi daga cikin waɗanda aka tanada. Jiya sau da yawa ta kawo mini "ƙarancin tururi". Ban san hannun wane ne ba.

Saƙo na ƙarshe da Gwaggo ta kai Rumbu kafin ta cika na Malam Umaru ne: "Malama an ce kin tai Tsahe suna. Allah raya. Mi aka sa ma jinjirar?" Na kuma ji cewa ranar Alhamis ɗin nan zai ajiye aiki ya koma gonarsa ta Bungudu.

Ba zan ce Allah Ya jiƙanta ba, don na san limamin masallacinmu zai aiko a kira ni. Allah dai Ya ba mu haƙurin rashi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan sallar azahar, kafin a sake tayar da inji, lokacin da ana iya jin muryar mutum. Za a naɗe ta a ƙyallen Iya a kai ta sito, inda za ta jira 'yan gwangwan. Ta matakalar baya ya fi kusa, amma gawa ba za ta bi ta nan ba. Za ta sauko ta babbar matakala, ta ratsa ta gaban masu busarwa, ta tsaya a tukunya ta biyu. Ba a buƙatar masu ɗauka, ni zan ɗauko ta. Bashiru, an yafe maka zuwa da ba'a, in ka zo da ita kuma ka rage mata ƙarfi.

Malam Umaru, idan ka ga wata ta tsaya a gabanka da kaya a hannu, kanta a ƙasa, don Allah kada ka koma bakin aiki. Ka ɗan jira ta. In kuma muryar ta ƙi fita, to ga shi na rubuta tun yanzu: wa alaikumus salam, Baba. Mun kwana lafiya. Nana Khadija aka sa mata.