Rasuwar Gwaggo, Motar da Gabanta Ya Ƙi Jiran Bayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi biyu da suka gaji da tafiyar ƙasa, nake sanar da 'yan uwa, abokan arziki, da duk wanda muka taɓa rage wa hanya, rasuwar motarmu Gwaggo. Ta cika a kan falalen dutsen da ke bakin rafin gona, ɗauke da buhunan masara, bayan jinyar da ba ta kai tsawon tsaki ba.

Marigayiyar mota ce mai ja da ƙafa huɗu, irin ta shiga daji. Ni da ƙanena Auta muka gaje ta daga mahaifinmu, tare da gonar da ke ƙetaren rafi. Sauran gadon an raba, kowa ya kama gabansa. Ita kaɗai muka bari a dunƙule.

Ta yi rayuwar haƙuri. Ba ta taɓa tashi a murɗa mukulli na farko ba, sai ta yi "kur-kur-kur, hoh!" kamar dattijuwar da aka tasa daga barcin rana, amma in ta tashi ta tashi ke nan. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta ciro tarakta daga taɓo, ta ɗauki awaki da surukai ba ta nuna bambanci ba. Kowace safiya Auta na tuƙi, ina gefe, mu yi ta musu daga ƙofar gida har gona. Gidajenmu sun yi nisa da juna, 'ya'ya sun watse. In ban da cikin Gwaggo, babu inda ni da shi muke zama mu biyu.

Ciwon ya faro ne daga takalma. Ruwa ya cinye hanyar gona har cikin Gwaggo ya fara gugar ƙasa, sai muka saya mata manyan tayoyi, dogaye, masu kaushi. Ta yi tsayi, ta yi kwarjini, ƙarfi kuwa ya gudu. Tudun da take hawa tana waƙa, yanzu sai nishi, "uuum, uuum," kamar yarinyar da ta zura takalman babanta.

Na yi shekaru ina bin manyan motoci, na ga irin wannan ciwo. Maganinsa a ƙasa yake: a canza haƙoran aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu yana juya su, a sa waɗanda za su bar inji ya yi juyi da yawa kafin taya ta yi ɗaya. Ƙarfi ya dawo ba a taɓa zuciyar mota ba. Auta kuwa ya hango turbo a waya, wata na'ura mai kama da katantanwa, da ke ɗura wa inji iska har ya manta da shekarunsa.

"Yaya, kai komai sai a bi a hankali," in ji shi. "Numfashi take nema."

"Tsohuwa ce, Auta. Ƙwaya za ka ba ta ta yi tsere?"

Muka yi ta yi har bakanikenmu ya fara ɓuya in ya hango mu. Daga ƙarshe, a garejin bakaniken, Auta ya ɗauki alli ya ja layi a ƙasa, daidai tsakiyar Gwaggo.

"Daga nan zuwa gaba nawa, daga nan zuwa baya naka. Kowa ya yi wa rabinsa abin da ya ga dama, kada wani ya sa wa wani baki."

Na ce na yarda. Muka tafa. Bakanike ya zama shaida, yana goge hannu yana kallon rufi.

Na canza haƙoran baya, Auta ya ɗaura turbo. Sai dai Gwaggo aksil biyu gare ta, na gaban kuma ya faɗa yankin Auta. Na ce masa na gaban ma sai an canza masa haƙora su yi daidai da na baya, in ba haka ba kada a kuskura a sa mata ƙafa huɗu.

"Yaya, ka ƙetare layi," ya ce. Da bakanike ya maimaita masa, sai ya ce mun haɗa baki.

A yi wa marigayiya adalci: ranin nan ta yi ƙuruciya ta biyu. Hanya a bushe take, da ƙafafun baya kaɗai take ja, babu abin da ya tona asiri. Tana hawa tudu tana fito, "fiiiu, tsss!" Auta ya ce turbonsa ne, na ce haƙorana ne. Ban taɓa jin daɗin musu kamar na ranin nan ba.

Sai kaka ta zo, rafi bai gama janyewa ba, muka loda mata masara har wuya. Tayoyin baya suka fara nutsewa a yashi. Auta ya kai hannu kan ƙaramar giya, wadda ke sa ƙafa huɗu su ja tare. Na kalle shi, ya kalli gaba. A cikin yashi ba mu ji komai ba, don tayoyi na sulɓewa. Da muka hau falalen dutse, kowace taya ta kama ƙasa gam. Na gaba suna son gudu, na baya suna tafiyar ƙasaita, akwatin tsakiya da ke raba musu ƙarfi ya rasa wanda zai bi. Ta ce "ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ." Auta ya ƙara taka mai, turbo ya yi fitonsa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "gwaram!"

Akwatin ya fashe, sandar ƙarfen da ke ƙasa ta karye ta doki akwatin giya, baƙin mai ya malale a kan dutse. Muka leƙa ƙarƙashi. Abin da ya fashe ɗin a daidai inda layin alli ya raba ta yake, ba nawa ba, ba nasa ba. Auta ya ce haƙorana ne suka kashe ta. Na ce abin da na ce. Ya ajiye mukulli a kan kujera, ya naɗe wando, ya ƙetare rafi da ƙafa. Tun ranar ban sake sa shi a ido ba.

Marigayiyar ta bar manyan tayoyi huɗu cikin ƙoshin lafiya, ko a jikinsu. Ta bar turbo, wanda bai ji ko ƙwarzane ba, da sababbin haƙoran baya da ba su san me suka yi ba. Ta bar rediyo mai kama tasha ɗaya, da buta a ƙarƙashin kujera, da batir da tuni maiɗakina ta mayar wa fitilar tsakar gida. Bakanike ya duba gawar ya ce gyaranta ya fi ta.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da hantsi, daga gareji zuwa filin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Tarakta ce za ta ja ta. Ba a buƙatar kujeru, ba a kuma buƙatar masu cewa da ma sun faɗa. Mai ƙarafan ya ce ba ya sayen rabin mota, kuma ba zai kunna wutar yanka ba sai masu ita biyu suna tsaye. Saboda haka, Auta, in an karanta maka wannan, ka zo. Ba sai ka gaishe ni ba. Ka zo ka ce haƙorana ne, ni kuma in ba ka amsa.

Mai tayoyi ya ci, mai turbo ya ci, mai haƙora ya ci, bakanike ya ci ta gaba ya ci ta baya, mai ƙarafa yana jiran nasa. Waɗanda suka yi asara mu biyu ne kacal, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau ba mu zauna wuri guda mun yi wa juna jaje ba.