Rasuwar Teburin Bayan Zarto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, Halidu masassaƙi na bakin kogin Gaya yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar teburinsa mai naɗewa, wanda ya yi zamansa a bayan zarton injin Nasara yana tarbar katako.

An haifi marigayin a shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya kawo zarton don yanka katakon jirgin fito. A lokacin, mutum ake tsayarwa a bayan zarto ya tarbi katako da hannu. Siddo, ƙanen Halidu, shi gardi, wato dogaran kumandan, suka tsayar, har ranar da wani katako ya kuɓuce, zarto ya tafi da hannunsa na dama. Halidu bai yi kuka a gaban gardi ba. Ya tattara guntayen maɗacin da aka yar, ya haɗa tebur daidai tsayin bakin zarto, ya ɗaure ƙafafunsa da fatar bijimi don su riƙa lanƙwashewa, tunda rumfar zarton ba ta da fili.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki giginya, ya ɗauki kirya, bai taɓa sakin kaya a ƙafar kowa ba. Ba a ji ya yi magana ba sai da yamma in ana naɗe shi, ya ce ƙiiiƙ, ya durƙusa kamar raƙumi, ya jingina da bango. Tun da ya kama aiki, jinin ɗan Adam bai sake zuba a rumfar ba.

Ciwon ajalinsa ya faro ne da damina, da gara ta shiga ƙafarsa ta baya. Halidu ya shafa masa kwalta, ya ɗaure shi da igiya, ya roƙi a ba shi yini ɗaya ya sake masa ƙafa. Babban gardi ya ce jirgin kumandan ba ya jiran tebur. Ranar Talata aka turo masa gungumen kirya, ya yi rawa, ya ce ƙas, ya zube. Da Halidu ya tsaya a kansa, gardin ya nuna masa gurbin da sanda ya ce, "To, kai da ka haife shi, tsaya a madadinsa." Can yake tsaye har yau.

Ya rasu ya bar Halidu, da guduma, da kurfin sassaƙa biyu, da Siddo mai hannu ɗaya wanda kullum yakan zo ya zauna kusa da shi, da kuma zarton, wanda ko hutun makoki bai yi ba.

Game da jana'iza: kukun kumandan ya aiko a ba shi ƙafafun ya hura wuta, an ba shi, don ba a hana mutanen kumandan. Allon saman kuwa ba za a binne shi ba. Limamin unguwa ya roƙi a ba shi a yi makara da shi, saboda sanƙarau ya shigo gari bana, makara ɗaya ba ta isa. Bibata matar Siddo za ta wanke shi da ruwan kogi, a kai shi ƙofar masallaci bayan la'asar. Ba za a yi sadakar abinci ba, babu hatsi. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da shirin ɗauka, akwai waɗanda ke kwance suna jiransa.