Turaren Wuta a Bukkar Katako

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai bukkar Baba tsibiri ba, duk da na sha ƙoƙarin mantawa.

Baba kafinta ne. Wata bakwai ya yi yana haɗa bukkar nan a wani fili da ya ara a garin Summerfield, kusa da birnin Greensboro inda muke zaune. Ɗan ɗaki ne na katako a kan tayoyi huɗu, irin na makiyayan Turawa, rufinsa a lanƙwashe. Duk Asabar ina gefe ina kallo. Baba ba ya yarda da ido kaɗai, sai ya runtse ya bi katako da tafin hannu, inda ya ji kaushi ya sake gogewa. Wata tsohuwar Baturiya mai kiwon tumaki a wani tsibiri ce ta ba shi aikin, kuma shi ne babban aikinsa na farko tun da muka ƙaura zuwa wannan ƙasa ta Turawa. In ta yaba, wasu za su biyo baya.

Daga Greensboro muka ja bukkar da mota har bakin teku, jirgin ruwa ya tsallakar da mu. Iskar tsibirin nan kuwa, duk bishiyoyinsa gefe guda suka sunkuya.

Baba da matar suka tsaya a waje suna ɗaure bukkar a jikin turaku. Ni kuma (da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji) ranar dabara ta zo min. A gidanmu ba a shiga sabon ɗaki sai an turara shi, shi ya sa na ɓoyo kaskon Mama da turaren wutarta a jakata. Na lallaɓa ciki, na kunna gawayi, na zuba turare cokali uku (Mama rabin cokali take sawa), sannan na buɗe taga. Iska ta hura garwashin, hayaƙi ya turnuƙe, na'urar gargaɗin gobara da ke ɗakin ta kama ihu.

Kafin in ce uffan ƙofa ta buɗe, matar ta juye min bokitin ruwan tumakinta. Na ƙame da kasko a hannu, ciyawa manne a hijabina.

Baba bai ko kalle ni ba. Durƙusawa ya yi ya duba daɓen. Ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a kan man da ya shafa har sau biyar, ko ɗigo bai shiga katakon ba. Matar ma ta durƙusa ta taɓa, ta ce abin da ya jure wannan zai jure ruwan tsibirinsu. Sai ta shaƙi iska ta tambayi abin da ke ƙamshi haka. Ita aka bar wa ragowar turaren.

Sai a jirgin komawa Baba ya miƙo min rigar sanyinsa.

"Hajiya ƙarama, wani karon in za ki gwada min aiki, ki faɗa min in zo da lema."

Tun ranar, in zan yi wa mutum alheri a ɓoye, sai na fara duba ko akwai bokiti a kusa.