Ragon Cikin Majigi

"A'a! Wa nake gani haka? Ashe kana nan da ranka, tsoho? Ni da aka ce mini awaki sun haɗa da kai sun cinye!"

"Ina nan daram, ɗan nema. Sauko daga motar mutane ka gaishe ni, kafin mai ita ya zo ya tarar da ɓera a kujerarsa."

Haka suka fara, wata Asabar da hantsi, a barandar kantin Ba'indiye da ke kasuwar Linthipe, inda nake kafa kekena na ɗinki. Shekarar da aka naɗa sabuwar sarauniya a Ingila ce. Motar majigin gwamnati ta iso tun da safe, za a yi wasa a filin ƙwallo in rana ta faɗi. Wanda ya diro daga motar shi ne Filimoni, mai bayanin majigi. Hotunan ba sa magana, shi ne bakinsu. Duk abin da ya faɗa ta lasifika, to mutumin cikin farin ƙyallen ne ya faɗa. Mai jiransa a kan bencina kuwa kakansa ne na wajen uwa, Zakeyu, manomin taba, wanda ya zo tun kafin a buɗe kanti wai in ɗinke masa aljihu, alhali aljihun lafiyarsa lau.

Ga abin da ya kawo shi. Bara Turawan majigi suka zo neman wanda zai fito a ragon manomi cikin wani wasan koyar da noma. Suka ga fuskar Zakeyu, suka ba shi bargo da sule goma, ya yi musu abin da suke so, ya manta. Yau wasan ya zagayo gida. Mutanenmu kuwa abin da suka gani a majigi ba wasa ba ne a wurinsu. Wani da ya taɓa fitowa a ɓarawo sai da ya daina shiga kasuwar Dedza. Ga shi Zakeyu yana neman auren wata bazawara, Nachisale, a ƙauyen hayin rafi, a al'adarmu kuwa miji ne ke tarewa garin matarsa, kuma babu tarewa garinsu sai yayanta Yotamu ya yarda ya yanka masa gona. Yotamu dattijon coci ne, ba a taɓa ganin haƙoransa ba, kuma ya aiko a kama masa wuri a sahun gaba.

Filimoni ya durƙusa ya tafa hannu kamar yaron kirki, sannan ya miƙe ya ja gemun tsohon.

"Me aka kawo mana daga birni?" in ji Zakeyu.

"Labarai. Sukari ya ƙara kwabo, akoko ya ƙara sisi, ana ta tayar da jijiyar wuya kan haɗe ƙasarmu da ta Rodeshiya. Sarauniya kuma ta hau keken doki na zinariya. Duk za ka gani da idonka, in idon yana gani."

"Ba wannan nake tambaya ba."

"Akwai kaboyi a ƙarshe."

"Filimoni."

"Oho! Wasan tsakiya kake nufi? Na tsohon nan da rana ta take yana minshari a gindin mangwaro, awaki na shagali a gonarsa? Kaka, ai ka yi suna! Daga nan har bakin tafki babu wanda bai san ƙeyarka ba. A garin Salima wata mata don haushi ta jefi ƙyallen da rogo."

"Ta same ni?"

"A hanci."

"To ta fi ka hannu. Kai ko kaza a cikin akurki ba ka iya jifa. Wani direban babbar mota ya gaya mini abin da kake faɗa a kaina. Wai ka ce na auri mata bakwai, duk sun gudu saboda warin ƙafata."

"Sharri yake mini. Tara na ce."

"Wai ka ce in na yi hamma, ƙudaje kan shiga su kafa ƙauye har da mai unguwa."

"Wannan a Ntcheu ne. Sai da aka tsayar da inji mutane suka gama dariya. Bature ya ba ni sigari kwali guda."

"Kai da na wanke wa kashi da hannun nan!"

"Marigayiya matarka ce ta wanke. Kai kana gindin mangwaro. Akwai shaida a hoto."

Masu sayar da busasshen kifi da ke gefen baranda suka fara matsowa da kwandunansu. Zakeyu ya rage murya.

"Yotamu zai zo yau."

"Na sani. Har da matata Nachisale."

"Matarka? Da me za ka riƙe ta? Da surutu?"

"Ita ta aiko mini. Ta ce ni take so, kai za mu ɗauke ka tsaron kaji."

"Yaron da ya ga dodon rawa ya shige rumbu sai da aka zaro shi ta ƙafa! Saurara, ja'iri. In an zo kan wasana, ka ce inji ya lalace."

"Inji ba a hannuna yake ba. Mai injin kuwa ya fi son wasan nan da abincinsa. In an zo inda ka faɗo daga keke cikin kwata, yakan mayar da shi baya, ka fito daga kwatar ka hau keken, ka sake faɗawa."

"Allah ya isa tsakanina da shi. To ka yi shiru, kada ka ce komai."

"In yi shiru? Ka san wanda na gada? Mutumin kirki ne, abin da aka rubuta masa kaɗai yake faɗa. 'A riƙa yin kunya a gicciye saboda zaizayar ƙasa.' Mutane suka riƙa barci a fili kamar an yi musu turare. Bature ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshenmu, zama yake da lofensa yana kallon jama'a. In sun yi dariya, aiki ya yi kyau. In ba su yi ba, a canza mai bayani. Mutumin nan yanzu gawayi yake sayarwa a Limbe."

"To ka ce ba ni ba ne. Wani ne mai kama da ni."

"Da waɗannan kunnuwan? Kaka, a jikin ƙyalle kowane ɗaya ya kai ganyen ayaba. Kuma rigar nan ta jikinka ce ka sa. Tela, ba kai ka ɗinka ba?"

Na ce ni ɗinki nake, ba na jin komai.

"Zan ba ka zakara," in ji Zakeyu.

"Jan nan da ya girme ni?"

"Zakara yanzu sule biyu ne, mara kunya!"

"Naka sai an biya mutum ya ci. Ranar da aka dafa ƙanensa, itacen gida ya ƙare."

Tsohon ya cire hula. Na ɗago kai na dube shi. Ya ɗan jima yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce:

"Tun da kakarka ta rasu nake zaune a garinku kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Gonar taku ce, rumbun naku ne. Dangin kakarka ba su ce in tashi ba, amma kowace damina sai iyakar gonar ta matso. Uwarka ke aiko mini da tuwo, in ci ni kaɗai a bakin ƙofa. Matar can ta ce ta yarda. Saura Yotamu. Mutumin da bai taɓa ganina da fartanya ba, yau zai gan ni ina barci awaki na cin masara. Kai za ka yanka wa wannan gona?"

Filimoni ya sosa ƙeya. Yaron kirki ne, bakin ne kawai.

"Ba zan iya cire shi ba, Kaka. Kuma dole su yi dariya."

"Wa ya hana su dariya? Su yi har su faɗi." Tsohon ya mayar da hularsa, idonsa ya ɗan yi ƙyalli. "Sau nawa ka kalli wasan nan?"

"Na daina ƙirgawa."

"Ba ka taɓa tambayar kanka inda na koyo ba? Ni da rana ba ta taɓa riga ni zuwa gona ba? Da Bature ya ce in yi ragwanci, tsayawa na yi kamar kututture. Ban san ta inda ake farawa ba. Na kama fartanya, kafin ya ce a tsaya na yi rabin layi. Ya cire hularsa ya buga da ƙasa. Ya ce in ban iya ba, in mayar da bargo. Sai na ce a ba ni zuwa gobe, akwai wani gwani da na sani."

"Wane gwani?"

"Tela, ara mini sandar awonka."

Na miƙa masa. Ya sauka tsakiyar hanya. Ya riƙe sandar can ƙarshenta da yatsu biyu, kamar mai tsoron ta ƙone shi. Ya sara ƙasa sau ɗaya. Ya ɗaga kai ya duba rana, ya girgiza kai, wai ta yi zafi. Ya buɗe tafin hannunsa yana neman bororo, ya samu, ya hura masa iska. Sannan ya jingina da sandar, ya karkato hula ta rufe idon hagu, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana sosa ƙwaurin ɗayar da babban yatsa.

Wata mai kifi ce ta fara fashewa da dariya, ba tsohon take kallo ba. Na bi idonta. Ga Filimoni jingine da ginshiƙin baranda, hula ta rufe idon hagu, ƙafa ɗaya a sama yana sosa ƙwauri. Ya dubi kakansa, ya dubi ƙafarsa, ya sauke ta a hankali kamar ba tasa ba.

"Kai!" ya ce. "Kai, tsoho! Shi ya sa kullum nake ganin kamar na san tafiyar nan!"

"Ka san ta mana. Har faɗuwar keken taka ce, ranar da ka juya kallon 'yar malamin makaranta."

"Wato ni nake ta zagi gari-gari?"

"Kuma kana yi da kyau, an ce. To ga abin da za ka faɗa yau. 'Jama'a, wannan da kuke gani Zakeyu ne, manomin taba. Gwamnati ta roƙe shi ya nuna wa duniya yadda jikansa Filimoni ke noma.' Daga nan bakinka ne, ka faɗi duk abin da ka saba. Ka ƙara ma, ban hana ka ba."

"A nan? A kasuwarmu? Gaban 'yan matan da muka yi makaranta tare?"

"Za su yi dariya?"

"Ai sai an kwashe wasu a ƙasa."

"Baturenka zai ji daɗi?"

"Kaka, ka dubi girman Allah. Ina da kaki, ina da takalmi. Mutane Malam Filimoni suke ce mini."

"Ƙarya na yi maka?"

"Babu ƙarya!" in ji mai kifin. "Mun san shi tun yana tsirara. Uwarsa ke ƙarasa masa layinsa, shi yana gindin bishiya yana ba tsuntsaye labari!"

"Iya, wa ya sa da ke?"

"Kai ka sa da ni, da ka ce a lasifika kifin kasuwarmu ya girmi coci!"

"Ka ji," in ji Zakeyu. "Ko ba ka faɗa ba, ga waɗanda za su faɗa maka daga cikin taro. Gara ya fito daga bakinka, a ce yaron yana da raha."

Filimoni ya dubi matan, ya dubi motar, ya dubi tsohon da ke tsaye a rana da sandar awona a kafaɗa. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya zame ya zauna daɓas a kan dakali, kakin da yake taƙama da shi ya sha ƙura, yana yi yana buga cinya.

"Ka kayar da ni, tsohon banza! Shekara guda ina cin abinci da kunnuwanka, ashe kaina nake tallatawa. Shi ke nan. Zan faɗa. Har in ce tabarka ce aka yi wa kuɗi mafi tsoka bara a wajen gwanjo."

"Wannan kada ka ce. Ta biyu ta zo. Yotamu ya san farashi."

"To ta biyu. Akwai kujerar naɗewa a mota, ta mai inji ce, zan sato maka. In kafa ta dab da Yotamu, ya ga ana nuna ka da yatsa kana ɗaga hula."

"Ka goge ta tukuna."

"Amma da sharaɗi. Ranar da ka tare, ni zan fara sa hannu a tuwon Nachisale. Kada ka manta matata ce na bar maka."

"Ka zo mana, gidanka ne," in ji Zakeyu, yana miƙo mini sandata. "Ka zo da wuri ma. Sabuwar gona ce, duk kututture. Zan ce wa Yotamu ya ajiye maka fartanya."

Filimoni ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya kama hanyar mota.

"To a gaishe mini da Nachisale kawai," ya ce.