Ina Zulaihatu Ta Shiga?

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar wayata a cikin kwanon silba ba, wata ranar Laraba ina tsakiyar tankaɗe. A cikin kwanon nake ajiye ta saboda yara, to in aka kira sai kwanon ya ɗauki rawa kamar an rufe ƙwaro a ciki. Na goge hannu na ɗauka. Malama Hindatu ce, wadda ke koya mana karatu a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a nan Kankia.

"Maman Hajara, ranar Asabar walimar ajinku. Ki zo da wuri, ki gayyato 'yan gida. Kuma ba ni lambar maigidanki."

Na ba ta, ban tambayi dalili ba. Amma zuciyata ta ce akwai magana. Na sha wuya a kan haddar nan, ina tuƙa tuwo ina bita, ina wanki ina bita, har kajin gidanmu sun kusa iya wasu surorin. Na san niyya don Allah ake yinta, na kuma yi istigfari, amma gaskiya ina so a kira ni gaban mutane. Ba don kowa ba sai don Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a garinmu Kaikai bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ta tsaya da ƙafafunta har na gama sakandare, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin an miƙa mini komai a taro ba. Na aika mata, ta hau babur da ciwon gwiwarta ta zo.

Sai na ɗan yi muku bayanin sunayena, don ku yi mini adalci. A Kaikai Uwani ce ni, domin sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, kuma babu ɗa ko ɗiya a gidan da zai buɗe baki ya faɗi sunan uwarsa. A makaranta Uwani Bawa aka rubuta, don Bawa kowa ke kiran Baba. Da aka kawo ni Kankia na koma Amarya (har yau akwai tsofaffin da ke ce mini haka, ga 'ya'ya biyar). Da na haihu na zama Maman Hajara. Shi kuwa maigida, sunana a bakinsa shi ne "Kina ji?"

Ranar Asabar bayan la'asar filin makaranta ya cika. Mata a rumfa ɗaya, maza a can gefe. Na sa sabon hijabi ruwan toka, na zaunar da Gwaggo a kujerar bayana, autata Nana a cinyarta. Malama Hindatu tana ciki wajen rabon abinci, sai aka ba wani baƙon malami lasifika ya kira kyaututtuka.

"Ta ɗaya a hadda: Zulaihatu Abdulmumini."

Shi ke nan, wata ta ɗauke. Na ce Masha Allah da ƙarfi don shaiɗan ya ji kunya, na fi kowa tafi.

Ba wadda ta tashi.

Ya sake kira. Shiru. Na juya wajen Maman Sadik, maƙwabciyata da ke zaune kusa da ni, na ce, "Wace ce wannan a ajinmu?"

"Oho. Ko 'yar ajin safe ce?"

"To ai sai ta fito. An bar bawan Allah tsaye a rana da littafi a hannu. Wasu matan dai ba su da ta ido."

Na ji ana jan hijabina ta baya. Na ce, "Gwaggo, yi haƙuri, yanzu za a kawo ruwa." Ban ko waiwaya ba.

Malamin ya gyara murya ya ce in ba ta nan, za a miƙa wa ta biyu. Nan fa tausayi ya kama ni. (Wannan hali nawa ya sha jawo mini.) Na ce a raina baiwar Allah ta sha wahala irin tawa, kyautarta za ta wuce ta don ta zaga. Na miƙe tsaye, ni da ko a aji ba na ɗaga murya, na ce, "Malam, a ɗan jira, bari in dubo ta!"

Na ratsa rumfa ina tsallake ƙafafun mutane, ina cewa, "Ina Zulaihatu? Wa ya ga Zulaihatu?" Na leƙa wajen masu alwala. Na leƙa aji. Har bayan gida na je na ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa na ce, "Zulaihatu, in ke ce ki yi sauri!" Wata tsohuwa ta amsa daga ciki, "Ke, a bar mutum ya sarara mana!"

Da zan dawo na hango maigida a layin maza yana ɗaga mini hannu, yana nuna ni da yatsa, yana nuna malamin. Na ɗauka cewa yake in koma in zauna ina ba shi kunya. Na yi masa alamar ya yi haƙuri, aikin lada nake. Ya dafe kai.

Na isa gaban teburi ina haki. Malamin ya miƙo lasifika wajen bakina, ni kuwa na sanar wa duk Kankia: "Malam, ba ta zo ba."

Sai muryar Gwaggo ta tsaga rumfar. Ta miƙe a kan gwiwar da ko tabarma ba ta sauka sai an kama ta.

"Ke Uwani! Mi ke damunki? Ke ce! Mai sunan Inna! Bawa ba shi ne Audu Mumini ba? Tun ɗazu nike jan ki kamar akuya, so kike in faɗi sunan uwata a kasuwa?"

Wallahi sai da na waiwaya in ga da wa take.

Sannan abin ya sauko mini. Sunan yankana ne. Na san shi mana, amma sanin da mutum ke yi wa kabarin kakarsa: ya san inda yake, ba ya zama a can. Ashe lambar da Malama ta karɓa, maigida ta tambaya cikakken sunana don takardar shaida, shi kuma ya ba ta wanda aka ɗaura masa aure da shi. Da aka raɗa sunan ina jaririya, da aka faɗe shi a ɗaurin aure ina ƙuryar ɗaki ina kuka. Yaushe zan gane shi a lasifika?

Dariyar da aka yi, har masu shago a bakin titi sun leƙo. Malamin ya ce, "Alhamdu lillahi, an same ta." Na karɓi Alƙur'ani da turmin atamfa, hijabi ya rufe mini rabin fuska. Da na ɗago, Gwaggo tana zagina tana share hawaye da bakin mayafi. Ta dai ga an miƙa mini abu a taro, ko da yake ba haka na tsara ba.

Tun daga ranar Maman Sadik in ta shigo gidana sai ta yi sallama ta ce, "Zulaihatu ta zo kuwa, ko in duba bayi?" Ni kuma na koyi abu biyu. Mutum yakan zama abin da aka daɗe ana kiransa, har na asalin ya zame masa baƙo. Na biyu kuma, in aka kira suna a taro ba a amsa ba, in riƙe bakina in fara bincikar kaina kafin in ce wata ba ta da ta ido.

A hanyar gida Nana tana riƙe da gefen hijabina gam, kamar za a ƙwace ni. Muna shan kwanar layinmu ta ɗago kai ta ce, "Umma, to in kika ɓace a kasuwa, da wane suna za mu yi cigiyarki?"